Tambayoyinku: wane fim, wane maganin wanki, a wannan zafin namu?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin da suka shigo wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, fim ɗin baƙi da fari da yadda ake wanke shi a gida, to na tara su waje guda, wasu na ɗan taƙaita su saboda fili.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na gaji kyamarar mahaifina Pentax K1000, an duba min ita lafiyarta ƙalau. Ina so in fara ɗauka da baƙi da fari kuma in riƙa wankewa da kaina, amma duk inda na leƙa kowa da fim ɗin da yake yabo, wani HP5 wani Tri-X wani Fomapan, kaina ya ɗaure. Wanne zan saya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba da rahama, kuma ka riƙe kyamarar nan da kyau don ba ta buƙatar batir sai na mitar haske kawai, sauran duk ƙarfe ne da sifirin. Ɗan'uwa abin da zan fara gaya maka shi ne duk finafinan nan da ka lissafa babu na banza a ciki, abin da ke ɓata wa sabon shiga aiki shi ne tsalle-tsalle, yau wannan gobe wancan, kowanne kuma da magani daban, sai hoto ya fito ba daɗi ka rasa laifin na fim ne ko na magani ko na ruwa ko na mitar kyamara. Ka zaɓi fim ɗaya da magani ɗaya ka zauna a kansu sai ka kai matsayin da in ka ɗaga dodon hoton a haske za ka iya cewa wannan wankin ya yi yawa ko wannan haske bai ishe shi ba.

In ni ne zan zaɓar maka, Ilford HP5 Plus, mai gudun 400, wato lambar da ke nuna saurinsa wajen kama haske. Dalili kuwa yana da haƙuri sosai, in ka ba shi haske ya ɗan yi yawa ko ya ɗan gaza zai fito da abin da za a iya bugawa, kuma ba ya faye tsananta bambanci tsakanin baƙi da fari, wanda mu nan abin so ne saboda ranarmu ta riga ta tsananta shi. Kodak Tri-X shi ma 400 ne, tun 1954 ake yinsa a 35mm, 'yan jarida sun sha aiki da shi, baƙinsa ya fi na HP5 cizo kaɗan, amma yawanci ya fi tsada, kuma mai koyo yana buƙatar ya ƙona fim da yawa ba tare da zuciyarsa tana bugawa a kan kowane latsi ba. In aljihu ya yi ƙasa ka ɗauki Kentmere 400, kamfanin Harman da ke yin Ilford a Ingila shi ke yinsa, ya fi araha kuma halinsa bai yi nisa da na HP5 ba. Fomapan na ƙasar Cek ne, yana da araha da wani irin kyau na hotunan da, sai dai fatarsa tana da laushi in ta jiƙe, karcewa ba wuya, kuma na 400 ɗin masu aiki da shi da yawa suna saita mita a 200 ko 250 kafin inuwa ta cika. Shi ya sa ban cika son mutum ya fara da shi a garin zafi ba.

Amma akwai abu ɗaya da za ka tambayi kanka, a ina ka fi ɗauka? In yawancin hotunanka a waje ne da rana tsaka, 400 zai matse ka, domin K1000 gudun shatarta ya tsaya a 1/1000, ka ga kusan kullum kana f/11 ko f/16, wato ƙofar lens a tsuke, ba damar ka buɗe lens ka narkar da bayan mutum. A nan FP4 Plus mai gudun 125 ko Kentmere 100 ko Fomapan 100 sun fi dacewa, kuma yashin hoton, wato 'yan ƙwayoyin da ake gani a jikinsa, ya fi laushi. In kuwa cikin kasuwa ne ƙarƙashin rumfa, ko zaure, ko hawan sallah da dawakai ke sukuwa kana son tsayar da su cak, 400 ne abokinka. Su Delta da T-Max masu sabon tsarin ƙwaya ka bar su tukuna, suna da kyau ƙwarai amma ba sa yafe kuskuren lokaci da zafin ruwa. Kuma ka kula kar a sayar maka da Ilford XP2 Super a matsayin na wankin gida, baƙi da fari ne a ido amma an yi shi ne don injin wankin mai kala.

Tambaya: Yaya ina wuni. Na wanke HP5 da maganin wanki ID-11 ba tare da na sirka ba, minti 7 da rabi kamar yadda aka rubuta a cikin kwalin, amma dodon ya fito baƙi ƙirin mai kauri, fararen kaya duk sun toshe ba a ganin ɗinki, yashi kuma ya yi yawa. Na auna ruwan famfonmu daga baya na ga digiri 31. Maganin ne ba shi da kyau ko me? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Ƙanwata maganinki lafiyarsa lau, kuma wallahi na ji daɗin da kika auna ruwan, don wannan tambayar taki ita ce ta fi kowacce muhimmanci a wannan shafin ga duk wanda yake zaune tsakanin Sakkwato da Damagaram. Lokacin nan da kika gani a kwalin fim an auna shi ne a kan digiri 20. Maganin wanki kuwa yana ƙara sauri da zafi, kusan kashi 10 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya, to ki lissafa digiri 11 da suka hau, minti 7 da rabin nan naki a digiri 31 ya kamata ya koma ƙasa da minti 3, ke kuma kin ba shi cikakken lokacinsa, wato ya sha wanki fiye da ninki biyu. Kamar tuwo ne da aka ce a bar shi ya turara a kan garwashi aka je aka ɗora shi kan wuta mai ci aka kuma bar shi tsawon lokaci ɗaya.

Kar kuma ki ce to bari in riƙa yin minti 3 ɗin. Duk wankin da ya gaza minti 5 yana da haɗari, domin lokacin zubawa da na juyewa kaɗai sun ci wani kaso mai yawa a ciki, sai ki ga sararin sama ya fito da dabbare-dabbare, gefe ɗaya ya fi ɗaya duhu. Ga kuma fatar fim ɗin, gelatin ce, in ruwa ya haura digiri 30 tana kumbura ta yi laushi, farce kaɗan ya taɓa ta shikenan. Saboda haka abu biyu za ki haɗa, ki sauko da zafin ruwan, sannan ki zaɓi haɗin da lokacinsa yake da tsawo tun asali.

Na farkon ba shi da wahala kamar yadda ake zato. Ki samo roba mai faɗi ki zuba ruwa, ki jefa ƙanƙara kaɗan-kaɗan kina aunawa, ki jera kwalaben dibelofa (maganin da ke fito da hoton) da fiksa (mai zaunar da shi) da ruwan ɗauraya duka a ciki har su daidaita, shi ma tankin da fim ɗin yake ciki ki tsoma shi a ciki tsakanin juyi da juyi. Ba dole sai kin kai 20 ba, a lokacin bazara riƙe 20 wahala ce ta banza, ki sa burinki a 24 ya fi sauƙin riƙewa kuma kamfanonin da kansu suna ba da lissafin 24. In ba wuta ba ƙanƙara, ruwan randa da ya kwana yana da sanyi fiye da na famfo nesa ba kusa ba, musamman in tankin ruwanku na kan rufi ne yana shan rana, kuma wanki bayan sallar asuba ya fi na la'asar. Ma'aunin zafi dai dole ne, shi ne kayan aikin da ba zan yarda kowa ya yi tsumulmula a kansa ba, kuma ki auna maganin da kansa daf da zubawa, ba ruwan robar ba. Abin da za ki kiyaye sosai, kar dibelofa ya zama 24 sannan ki kwara ruwan famfo mai 31 a kai ko ki kwara ruwan ƙanƙara, canjin zafi farat ɗaya yana iya sa fatar ta yamutse ta yi tsage-tsage, wannan kuma ba ya gyaruwa. Duk ruwan da zai taɓa fim ɗin ya kasance kusa da juna, in za ki koma ruwan famfo wajen ɗauraya ki hau a hankali.

Na biyun, ID-11 ɗin da ke hannunki ki sirka shi 1+1, wato kashi ɗaya magani kashi ɗaya ruwa, ki yi aiki da shi sau ɗaya ki zubar. HP5 a wannan haɗin minti 13 ne a digiri 20, a 24 kuwa wajen minti 9, kin ga kin samu fili. Kodak D-76 kusan abu ɗaya ne da ID-11, lokutansu kusan ɗaya. Rodinal a 1+50 shi ma yana ba HP5 minti 11 a digiri 20, sai dai shi yana fito da yashi fili, zafi kuma yana ƙara masa, to a 35mm mai gudun 400 sai in kina son wannan kaushin, ya fi zama lafiya da fim mai 100. HC-110 a haɗin B, wato 1+31, minti 5 kacal yake ba HP5 a digiri 20, a garinmu wannan ba ya aiki, sai dai a ninka ruwan zuwa 1+63 a ninka lokacin. Akwai kuma Diafine, magani mai wanka biyu, A da B, kowanne aƙalla minti 3, wanda bai damu da zafi ba daga wajen digiri 21 har zuwa 29, kuma ana maimaita aiki da shi ya daɗe, in kika samu wanda zai taho miki da shi yana rage ciwon kai, illarsa ba ki da iko a kan ƙarfin wankin, abin da ya ba ki shi ke nan, a ranar hazo hoton kan fito a kwance ba armashi.

Sai maganar fararen kayan da kika ce sun toshe, ko da kin gyara zafin za ki ci gaba da haɗuwa da ita, don ita matsalar tamu ce ta musamman, fuska baƙa ko wankan tarwaɗa a ƙarƙashin hula ko gyale, ga farar shadda tana ƙyalli a rana, duka a hoto ɗaya. Mita takan ruɗu da farin ta rage haske sai fuskar ta nutse. Yadda fim yake shi ne, hasken da kika ba shi lokacin ɗauka shi ke cika inuwa, tsawon wanki kuma shi ke ƙara kaurin wuraren haske. To a rana mai ƙarfi ki saita mita a 200 ko 250 maimakon 400 don fuska ta samu rabonta, ki rage lokacin wanki da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 don aikin wuyan riga ya fito. Ki dubi hotunan kitso na J. D. 'Okhai Ojeikere ko na matasan Bamako da Malick Sidibé ya ɗauka ki ga yadda fatar mutanenmu take sheƙi a baƙi da fari in an ba ta haske yadda ya kamata, ni dai ban ga fatar da wannan fim ɗin ya fi yi wa ado ba. Lokacin hunturu kuwa da hazo ya rufe rana ki koma 400 da cikakken lokaci.

Tambaya: Malam ni fim biyu ko uku nake wankewa a wata. Na haɗa D-76 na galan guda, kafin in kai rabi ya koma ruwan shayi, fim ɗin ƙarshe ya fito siriri kamar ba a wanke ba. Ga shi sai an yi min oda daga waje. Maganin da ke zuwa a gari ana haɗawa zan ci gaba da saye ko na ruwa? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam iska da zafi ne suka cinye maka shi. D-76 in an haɗa shi yana kai wata 6 a kwalba cikakkiya mai toshe, in ta koma rabi kuwa wata 2 ne, kuma wannan lissafin na ɗaki mai sanyi ne, a ɗakin da ke kaiwa digiri 35 ka rage. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, ya fi ƙarfin mai fim biyu a wata. Ka sayi na lita ɗaya, zai wanke maka fim 4 zuwa 6 a 1+1, kana haɗawa ka rarraba shi a ƙananan kwalaben gilashi ka cika kowacce har baki ka ajiye a wuri mai duhu, duk wadda ka buɗe ka ƙarar da ita a ranar. Ka rubuta suna da kwanan wata a jiki, kuma dan Allah kar a zuba a kwalbar lemo ko ta ruwan sha a gidan da ke da yara. Wani abin da na ga mutane suna yi shi ne su ɗebi rabin garin su haɗa su ajiye rabi, kar ka yi, don garin haɗin abubuwa huɗu ne, a tsohon tsarinsa na 1927 metol giram 2, sodiyam salfait giram 100, haidirokwinon giram 5, boraks giram 2 a lita, ka ga wanda yake giram 2 a cikin sama da 100 ba tabbas ya rabu daidai a cokalinka.

Amma ga mai irin aikinka ni Rodinal zan nuna maka. Tun 1891 kamfanin Agfa ya fito da shi a Jamus, yanzu za ka same shi da sunan Adox Rodinal ko Fomadon R09, ruwa ne mai ƙarfi da kake ɗiba da sirinji lokacin da za ka yi aiki kawai, a tankin mil 300 a 1+50 mil 6 ne, ka ga kwalbar mil 500 za ta wanke sama da fim 80, kuma yana shekaru a kwalba ko ya yi duhu yana aiki. Ka haɗa shi da Fomapan 100 ko FP4 ka ga kaifi. HC-110 shi ma yana daɗewa in ba a sirka ba kuma yashinsa ya fi na Rodinal laushi. Matsalar na ruwa ɗaya ce, jigila, Rodinal yana da sinadari mai cin fata, masu aike ta jirgin sama da yawa ba sa karɓa, gari ya fi sauƙin tafiya, to ka tambaya kafin ka biya. Xtol yana da kyau matuƙa wajen laushin yashi da cika inuwa amma lita 5 ake haɗawa, kuma in ya mutu ba ya canza kala ya gargaɗe ka kamar yadda D-76 ya yi maka. Ko wanne ka riƙe ka saba da gwaji, ka yanki harshen fim ɗin nan da ya riga ya sha haske ka tsoma a maganin, in bai yi baƙi sosai cikin 'yan mintoci ba kar ka zuba wa hotunan bikin mutane.

Fim ɗin kansa in kana saye da yawa ka sa a firij cikin leda mai zif, ka fito da shi ya huce awa biyu ko uku kafin ka buɗe gwangwanin don kar raɓa ta kwanta masa. In wani zai taho maka da shi ta jirgi ya riƙe a jakar hannu ya roƙi a duba da hannu, sababbin na'urorin binciken kaya masu ƙarfin nan suna yi wa fim hazo. In ka ga abin ya zauna maka, naɗin mita 30.5 yana ba da kusan fim 18 masu hoto 36, ya fi araha.

Tambaya: Zan iya sa jan ƙwan lantarki in naɗa fim a ril, abin da ake naɗa shi a kai kafin a sa a tanki? Hannuna ba ya iyawa a duhu. Daga wani matashi a Garwa.

Amsa: A'a ɗan'uwa, jan ƙwai na takardar buga hoto ne, fim ɗin yau yana ganin kowace kala har ja, zai ƙone. Duhu ɗungurungum ko jakar nan mai hannuwa biyu. Ka sadaukar da fim ɗaya da ya lalace ka yi ta naɗawa a haske, sannan ido rufe, har hannu ya saba. Ril ɗin roba ya bushe ƙarau, ɗigon ruwa ko gumin hannu kaɗai ya isa ya maƙale fim, a cikin jakar kuwa gumi ba ya jira, to ka shirya almakashi da komai a ciki tun kafin ka sa hannu. Da zarar ka rufe tankin sauran aikin duk a haske ne.

Tambaya: Ɗana, ni tsohon mai hoto ne, na rufe shago tun da dijital ta shigo. Ina gyaran ɗaki na tarar da finafinan baƙi da fari da ba a buɗe ba sun fi shekara 20, da guda biyu da aka ɗauka ba a wanke ba, ban ma san me ke ciki ba. Akwai sauran amfani? Daga wani dattijo a zangon Kumasi.

Amsa: Baba barka da war haka, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ai ku ne malamanmu a wannan sana'ar. Waɗanda ba a buɗe ba za su iya aiki amma sun rage ƙarfi kuma za su yi hazo, musamman da yake zafi da laimar Kumasi sun daɗe a kansu, masu gudun 100 sun fi masu 400 jurewa. Abin da aka saba shi ne a ƙara haske kamar mataki ɗaya, wato ninki biyu, kan kowace shekara 10, ku gwada ɗaya a kan abin da ba shi da muhimmanci, ku ɗauki abu ɗaya da haske uku daban-daban ku ga wanda ya fi. Ba zan so a ɗauki suna ko biki da su ba.

Biyun nan da aka ɗauka su ne suka fi tsaya min a rai, don mai yiwuwa akwai fuskokin mutanen da ba sa duniya a ciki, kuma wanki ɗaya ne ba a maimaitawa. Ku fara gwada magani da hannu a kan ɗaya daga cikin waɗanda ba a buɗe ba in irinsu ɗaya ne. HC-110 an san shi da rage hazon tsohon fim, ku yi a digiri 20 ko ƙasa kaɗan, kar a yi da ruwa mai ɗumi. In na 120 ne, wato fim mai faɗin nan mai takarda a baya, takardar bayan tana iya mannewa ko ta bar tambarin lambobi a hoton, ku warware a hankali. Ku wanke ɗaya tukuna ku ga yadda ya fito kafin ku taɓa na biyun. Ko dodon ya fito da duhu kar ku yar, sikana tana ciro hoto daga wanda inlaja, na'urar buga hoto a takarda, za ta sha wahala a kai.

Tambaya: Da gaske ne ana wanke fim da kofi? In haka ne zan iya sa kanwa maimakon sodar da ake cewa? Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: Da gaske ne 'yar'uwa, Caffenol ake ce masa, ya samo asali daga wani ajin koyon sinadaran hoto a Rochester ta Amurka a 1995. Haɗin da ya fi yaɗuwa a lita ɗaya shi ne sodar wanki busasshiya giram 54, garin bitamin C giram 16, kofi mai narkewa giram 40, a narkar da su a jere haka, minti 15 a digiri 20 ga fim mai gudun 100, a haɗa a yi aiki nan take a zubar. Sodar wanki fa, wato sodiyam kabonet, ba bakin soda ta cincin ba, waccan ba ta da ƙarfin da zai tayar da maganin. Tunaninki a kan kanwa ba daga nesa yake ba, don akwai wannan sinadarin a cikinta, sai dai a gauraye yake da mai rauninsa da gishiri da ƙasa, kuma kowane dunƙule da ƙarfinsa, yau ta yi gobe ta ƙi, ba za ki taɓa tsayar da lokaci ba. In gwaji ne don sha'awa ki tace ta sosai ki yi da fim ɗin da ba ki damu da shi ba. Ko da kofi kika wanke dole sai fiksa ta gaske, ita ba ta da madadi a kicin.

Tambaya: Fim ɗina T-Max yana fitowa da kalar hoda-hoda, wani wajen kamar madara, in ya bushe kuma ɗigo-ɗigo fari da ƙura ko'ina, musamman yanzu da hunturu. Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Malam abu biyu ne a nan. Madarar da hodar mai ƙarfi alamar fiksa ba ta gama aikinta ba ce, T-Max da Delta sun fi sauran jan lokaci kuma sun fi saurin gajiyar da fiksa. Ka mayar da fim ɗin cikin sabuwa ka sake ɗauraya zai washe, amma ka yi da wuri. Ilford Rapid Fixer a 1+4 minti 2 zuwa 5 ne ga fim na gama-gari, ga T-Max ka tsaya a ƙarshen sama ko ka ɗan wuce. Hanyar tabbatarwa ita ce ka jefa guntun fim da ba a wanke ba cikin fiksar ka ga minti nawa ya ɗauka kafin ya zama garau, ka ninka wannan lokacin sau biyu, ga T-Max har sau uku ba laifi, ranar da lokacin washewar ya ninka na sabuwa to ta gaji. Tsohuwar fiksa tana ɗauke da azurfa, kar a zuba ta kusa da rijiya ko kwatar da dabbobi ke sha, ka tara a jarka. Ka kuma sa safar hannu, metol yana sa wa wasu ƙaiƙayin fata da ba ya jin magani da wuri.

Ɗauraya ba sai ka saki famfo yana ta zuba ba, hanyar Ilford ta wadatar, ka cika tanki ka kifa sau 5 ka zubar, ka sake cikawa sau 10, sannan sau 20. Ɗigon farin kuwa ma'adinan ruwan burtsatse ne suke bushewa a kai, to ɗaurayar ƙarshe ka yi ta da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbata ruwan ne zalla ba mai asid ba, ka ɗiga maganin hana ɗigon ruwa, Photo-Flo ko Ilfotol, a 1+200, kar ka zarce don shi ma in ya yi yawa tabo yake bari. Kar ka goge da yatsa ko tsumma. Wajen shanya, banɗaki ya fi ko'ina, ka watsa ruwa a ƙasa da bango ƙura ta kwanta, ka rufe taga, ka kashe fanka, ka rataye fim ɗin da maƙalin shanya sama da ƙasa ka ja ƙofa, kuma ka gaya wa mutanen gida kar a buɗe sai bayan awa biyu. Da ya bushe ka yanka shida-shida ka zura a ledar ajiya nan take kafin ka fito da shi falo.